Dalilin tsinin rufin gidajen Shirakawa-go

Malam, ka tambayi abin da ya sa gidajen ƙauyen Shirakawa-go, a lardin Gifu na ƙasar Japan, suke da jinka mai tsananin gangara. Dalilin shi ne dusar ƙanƙarar da take zuba da yawa a wannan kwari lokacin hunturu, domin da rufin shimfiɗaɗɗe ne, da nauyinta ya danne shi. Abin da ya fi burge ni shi ne, ba a buga ƙusa a jinkar, da igiya ake ɗaure itatuwan, hayaƙin murhu kuma yana busar da ciyawar, yana korar ƙwari. Sabunta rufin aikin gayya ne, wanda suke kira yui. UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi, kimiyya da al'adu, ta sanya ƙauyen cikin wuraren tarihi na duniya a 1995.