Ku Tambaya Mu Amsa: Ziyarar Tsibirin Sisili

Tambaya: Na ji an ce Musulmi sun taɓa mulkin tsibirin Sisili na ƙasar Italiya. Idan na je me zan gani na tarihinsu, kuma wane wata ya fi dacewa? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Haka ne, malam. A shekarar 827 runduna ta taso daga Tunisiya ƙarƙashin Alƙali Asad bin Furat, almajirin Imam Malik, a 831 kuma birnin Palermo ya shiga hannunsu. Sai 1091 Normawa, mayaƙa Kiristoci 'yan asalin arewacin Faransa, suka gama karɓe tsibirin. Kada ka sa ran ganin tsofaffin masallatai a tsaye, kusan babu wanda ya saura. Abin da za ka gani shi ne aikin da gwanaye suka yi wa sarakunan Normawa da salon ginin Musulmi, kuma UNESCO ta sa waɗannan gine-gine cikin kayan tarihin duniya a 2015.

A Palermo, fara da Cappella Palatina, majami'ar fadar Sarki Roger na Biyu. Da ka shiga ka ɗaga kai: rufin katako ne da aka sassaƙa rami-rami kamar saƙar zuma, da rubutun Kufi a gefuna. Daga nan ka wuce fadar Zisa, wadda sunanta ya fito daga al-Aziza, ka duba magudanar da aka fafe a tsakiyar zaure don ruwa ya riƙa sanyaya ɗakin. A ƙofar kudu ta babban cocin birnin, ginshiƙin farko ta hagu yana ɗauke da aya daga Suratul A'araf. Mutane da yawa suna wuce shi ba su lura ba.

Lokaci kuwa, Afrilu zuwa farkon Yuni, ko Oktoba. Ka guji Agusta: a 2021 zafi ya kai digiri 48.8 kusa da Sirakusa, ga cunkoso, ga tsadar masauki.

Tambaya: Ana iya hawa dutsen Etna da yara? Kuma ya batun abincin halal? Wata uwa daga Maraɗi.

Amsa: Ana iyawa, hajiya. Dutsen mai aman wuta ne, tsayinsa ya haura mita 3,300. Mota na kaiwa zangon matafiya na Rifugio Sapienza, wajen mita 1,900, daga nan keken igiya, wato akwatin fasinja mai rataye a igiyar ƙarfe, ya ɗaga ku zuwa mita 2,500. Da yara a tsaya nan. Kusa da bakin ramin sai da ɗan jagora mai lasisi. A tafi da rigar sanyi ko da rani ne, da takalmi rufaffe, don tsakuwar wurin baƙa ce mai kaifi, tana yanka ƙafa. Kada ku sa hawan a ranar komawa, kuma ku bar tazara a tikiti, domin tokar dutsen kan sa a rufe filin jirgin birnin Kataniya da ke kusa da shi.

A abinci, inda ake yin kuskure shi ne kitsen alade, wanda suke kira strutto. Yana shiga ɓawon cannoli (wani soyayyen kayan zaƙi), sau da yawa tare da giya, da shi kuma ake soya saifar da ake cusawa cikin burodi a titunan Palermo. Wasu burodin ma ana kwaɓa su da shi, saboda haka a tambaya kafin a saya. Kifi gasasshe da kuskus ɗin kifi na birnin Trapani sun fi kwanciyar hankali. Akwai mahauta Musulmi a kasuwar Ballaro ta Palermo, akwai masallacin Juma'a a Palermo da Kataniya.