Ina Zan Ga Aikin Masu Fasaha na Yau?

Tambaya: Anti, ina son zane da aikin hannu, amma hotunan da nake gani a waya ba sa zuwa da sunan mai aikin. Ta ina zan fara? Daga wata ɗaliba.

Amsa: 'Yata, fara da mutum ɗaya, ki bi aikinsa har ki san hannunsa. Ni El Anatsui ne ya buɗe mini ido, ɗan Ghana da ya koyar shekaru da dama a jami'ar Nsukka. Yana baje marafen kwalabe, a ɗinke su da wayar tagulla, su zama kamar ƙaton mayafi mai sheƙi a jikin bango. A 2015 aka ba shi lambar yabo ta Zakin Zinariya a baje kolin fasaha na birnin Venis da ke Italiya. Sai Magdalene Odundo, haifaffiyar Kenya, mai gina tukwane da hannu, tana goge su har su yi ƙyalli ba tare da fenti ba. Nakan daɗe ina kallon wuyan tukwanenta.

In za ki tura wa ƙawaye hoto, don Allah haɗa da sunan mai aikin, shekarar da ya yi shi, da kayan da ya yi amfani da su. Raina yana ɓaci in na ga guminsu yana yawo ba suna.