Na je Dagona kallon tsuntsaye, amma duk hotunan sun fashe

Tambaya: Salam Malam. Ranar Asabar muka je Dagona, mafakar tsuntsayen nan ta jihar Yobe, ni da abokaina, ga dinya ga kirinjijiya sun cika tafki, amma duk wanda na zuƙo na ɗauka sai hoton ya fito dishi-dishi. Wayar ce ko ni ne? Daga wani mai bibiyarmu a Gashuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya laifin zum ɗin ne. Yawancin wayoyinmu ba su da gilashin hangen nesa na gaske, in ka sa yatsu biyu ka ja hoto zuwa 8x ko 10x ba matsowa kyamarar ta yi ba, yanko tsakiyar hoton kawai take ta kumbura shi, shi ya sa gashin dinyar ya koma kamar an shafa masa manja. Ka duba maɓallan da ke ƙasan kyamara, 1x, 2x ko 3x, ka tsaya a kansu, in ka dawo gida sai ka yanke hoton a hankali.

Dabarar da ni na fi yarda da ita, ka samu madubin hangen nesa ko aro ne, ka fara saita tsuntsun da idonka, sannan ka manna idon kyamarar a bakin madubin. Za ka ga baƙin zobe a gefe, ka ɗan ja zuwa 2x zai ɓace. Hannu zai yi rawa sosai, to ka jingina gwiwar hannu a bakin kwalekwale ko kututture, ka yi amfani da yanayin ɗaukar hotuna da yawa a jere, cikin ashirin ba za ka rasa ɗaya mai kyau ba. In kyamarar wayarka tana da yanayin Pro, inda kai ne ke saita ta da kanka, kai gudun shata (saurin ɗaukar hoto) 1/1000 na daƙiƙa saboda tsuntsu mai tashi sama.

Lokaci kuma rabin aikin ne. Agwagwan da ke ƙaurowa daga Turai suna sauka a fadamun Haɗeja zuwa Nguru da sanyi, wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, daidai lokacin hazo ke nan, don haka ka fita da sassafe rana na bayanka, ka riƙa goge idon kyamara da ƙyalle mai laushi, ƙurar hunturu ba ta da kirki. Kuma don Allah kar a jefa dutse wai don su tashi a samu hoto, wurin yana ƙarƙashin gandun dajin Chad Basin ne, akwai ma'aikata.

Tambaya: Akwai manhajar da za ta faɗa min sunan tsuntsu?

Amsa: Akwai Merlin Bird ID ta jami'ar Cornell a Amurka, kyauta ce. Ka sauke kunshin bayanan tsuntsayen yankinmu tun kana gari da sauran data, a daji ba sai da sabis ba. Sunan Turanci za ta ba ka fa, na Hausa sai ka tambayi masunta. Ka sa wayar a yanayin jirgi don neman sabis na cinye caji, ka riƙe fawa banki a cikin leda saboda ruwa.