Filin Tambayoyin Mota: In Na Canja Giyabos Shan Mai Zai Ragu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Oga. Golf 3 gare ni mai injin 1.8, giyar hannu mai lamba biyar, ina lodin Kano zuwa Kaduna da ita. Tunda aka cire tallafin mai a 2023 wallahi kusan duk abin da na samu a gidan mai yake ƙarewa. Na lura in ina kan 100 a lamba biyar injin sai ya riƙa ihu kamar yana neman wata giyar, shi ne wani bakanike a garejinmu ya ce in samo giyabos ɗin Golf mai dizal a Ƙofar Ruwa ya ɗora min, wai shan mai zai ragu da rabi. Gaskiya ne ko dai kuɗina yake hange? Daga wani direba a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam direba, Allah ya tsare hanya. Maganar bakaniken nan akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma batun rabin nan ka ajiye shi gefe, babu giyabos ɗin da zai yi maka wannan.

Abin da ya hango shi ne injin dizal ba ya son juyi da yawa, don haka galibi lamba biyar ɗinsa doguwa ce, wato injin ya juya kaɗan taya ta yi nisa. A irin giyabos ɗin da ke cikin motarka, wanda Volkswagen suka sa wa lamba 020, akwai lamba biyar kala-kala, akwai mai 0.89, akwai 0.80, akwai 0.75 har da 0.71, kuma yadda lambar take ƙanƙanta haka giyar take ƙara tsawo. A ce taka 0.80 ce kuma allurar juyin injin tana kan 3,000 a minti in kana gudun 100, in aka sa maka 0.71 za ta sauko wajen 2,660. Ihun zai ragu sosai, wannan kam za ka ji shi a kunnenka tun ranar farko.

To amma saukar juyin injin da kashi 11 cikin ɗari ba shi ne ragin mai da kashi 11 ba, nan ne mutane suke ruɗewa. Nauyin motar yana nan, fasinjanka da buhunan da ke but suna nan, iskar da motar take kutsawa a guje ita ma tana nan, duk sai injin ya yi wannan aikin ko da wace giya ce. Abin da ka rage kawai shi ne wahalar da injin yake sha wajen juya kansa. Mu ƙaddara ka ci sa'a ka rage rabin lita a kowace kilomita 100, Kano zuwa Kaduna wajen kilomita 230 ce, ka ga lita ɗaya da ɗan ɗoriya kenan a tafiya guda. Ba a raina ta ba, mai lodi kullum zai ga amfaninta a wata, amma ka ɗauki biro ka haɗa kuɗin giyabos da kuɗin aiki da man giya, wataƙila da sabon kulochi, ka raba ka ga sawu nawa za ka yi kafin kuɗin ya dawo. Kuma a cikin gari inda da ƙyar kake wuce lamba uku ba abin da zai canja.

Sannan ga inda nake jin tsoro. Ku masu lodi kun san yadda ake danƙara wa Golf kaya har bayanta ya zauna, to doguwar giya da lodi ba sa shiri, kana zuwa ɗan hawa motar za ta fara kakkarwa, ko dai ka danne totur har ƙasa ko ka koma lamba huɗu, duk biyun kuma mai ne. Wanda ke bin hanyar Jos ta Hawan Kibo ma ba sai na yi masa bayani ba.

In dai ka nace sai ka yi, shawarata kar ka sayi giyabos sukutum. A 020 lamba biyar tana can ƙarshe ne a bayan murfin da ke ɓangaren tayar hagu, bakaniken da ya san hannunsa zai iya canja haƙoran lamba biyar ɗin guda biyu kaɗai ba tare da ya sauke giyabos ɗin ba, lamba ɗaya zuwa huɗu su zauna yadda suke, ƙarfin tashinka bai taɓu ba. Sai dai a gwada a tabbatar haƙoran sun hau sandar da ke cikin giyabos ɗin, don ba duka ne suke shiga juna ba. In kuma dole sai an sayi gaba ɗaya, ka duba haruffan da aka buga a jikinsa kafin ka biya, a gwada bakin shaf da faifan kulochi, kuma ka sani mitar gudu tana iya fara yi maka ƙarya. Kar ka yarda a haɗa ka da giyabos ɗin Golf mai injin dizal ɗin da ake kira TDI, shi wani iri ne daban, kulochinsa na mai ne, sandar giyarsa da waya take aiki, aikin zai ja ka inda ba ka shirya ba.

Kafin duk wannan ma ni da zan tambaye ka, tamostat ɗin motar, wato abin da ke daidaita zafin ruwan injin, yana ciki kuwa? Don mun san al'adar garejinmu, mota tana shigowa daga Kwatano sai a cire shi a haɗa fanka kai tsaye wai ƙasarmu da zafi. Injin da bai kai zafin aikinsa ba kwamfutarsa gani take har yanzu sanyin asuba ne, sai ta yi ta ƙara masa mai. Ka mayar da shi, ka duba fulogi da matatar iska da sensar da ke jikin salansa, ka auna iskar taya da geji ba da dukan ƙafa ba, in kuma kana kaiwa 120 ka sauko zuwa 100. Ni a ganina waɗannan za su fi sauƙaƙa maka aljihu a kan giyabos, kuma kuɗinsu bai kai ba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Corolla ce da ni otomatik, abokaina suna ta zuga ni in mayar da ita giyar hannu saboda mai. In yi? Daga wani malamin makaranta a Gusau.

AMSA: Malam kar ka yi. Gaskiya ne tsofaffin otomatik masu lamba huɗu sun ɗan fi na hannu shan mai, amma aikin ba giyabos kaɗai ba ne, sai an nemo feda uku, da kulochi da bututunsa, da fulawil, da sandar giya, sau da yawa har shaf da wayarin da kwamfutar motar, kuma in aka bar kwamfutar otomatik ɗin tana ta neman giyar da babu sai wutar cek injin ta kama ta ƙi mutuwa. Ranar sayarwa kuma dillali yana leƙawa zai ce an taɓa ta, ya karya mata kuɗi. In giyar hannu kake so, ka sayar da wannan ka sayi wadda ta zo a haka daga kamfani.

TAMBAYA: Oga idan na zo gangara ina sa motata a firi don in rage mai, daidai ne? Daga wani mai karatu a Bauchi.

AMSA: A zamanin kafireta an ɗan ci riba da wannan dabarar. Motar injekta kuwa in ka bar ta a cikin giya ka ɗauke ƙafa daga totur, kwamfutar datse man take yi gaba ɗaya, tayoyin ne ke juya injin har sai juyin ya sauko ƙasa. A firi dole injin ya ci gaba da shan mai don kar ya mutu, ga shi ka bar wa birki nauyin motar shi kaɗai, a doguwar gangara zai iya yin zafi ya ƙi kamawa. Ka bar ta a lamba huɗu, in gangarar ta yi tsanani ka sa uku.