Tambaya da Amsa: Na'urar Ɗaga Ƙarfin Wuta Tana Kuka, Alhali Kayanta Lafiya Lau

Tambaya: Ni ɗalibin injiniyan lantarki ne. Na haɗa na'urar ɗaga ƙarfin wuta, irin wadda ke kashe turanzisto (makunnin lantarki mai saurin kunnawa da kashewa) da zarar wutar da ke bi ta kwayil (naɗaɗɗiyar waya) ta kai iyakar da aka sa mata. Da na rage ƙarfin wutar da ke shiga, sai ta fara wani siririn kuka, zanen osiloskof (na'urar da ke nuna yanayin wuta a allo) kuma ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Na auna kayan duka, babu wanda ya lalace. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, alamun da ka zayyana sun fi nuna cewa rikicin daga tsarin na'urar kansa yake. Idan ƙarfin wutar shiga ya ragu, dole turanzisto ya ƙara daɗewa a kunne a kowane zagaye, wato daga kunnawa ɗaya zuwa ta gaba. Muddin lokacin kunnawar bai kai rabin zagaye ba, duk ɗan kuskuren da ya shiga kwararar wuta raguwa yake yi har ya ɓace. Amma da zarar ya haura kashi 50 cikin 100, sai kuskuren ya riƙa girma yana juyawa, wannan zagaye ya yi tsawo, na bayansa ya gajarce. Na'urar da ke kunnawa sau 30,000 a daƙiƙa za ta koma maimaita kanta sau 15,000, wanda kunnen matashi yana iya ji. Idan aka ci gaba da matsa mata, sai ta kai inda babu zagayen da ke maimaita wani, duk da cewa ƙa'ida ɗaya tak take bi. Wannan shi masana ke kira hargitsi, kuma David Hamill da David Jefferies na Jami'ar Surrey a Ingila sun bayyana shi a irin waɗannan na'urori tun 1988.

Abin da ke damuna shi ne, lissafin matsakaici da ake fara koya wa ɗalibai, wanda ba ya duba abin da ke faruwa a cikin kowane zagaye, yana ɓoye wannan hali, shi ya sa mutum zai yi ta canza kafasito (ma'ajiyar caji) a banza. Maganin sananne ne: a rage iyakar wutar a hankali cikin kowane zagaye ta hanyar ƙara sigina mai gangara, kuma idan gangarar ta kai rabin saurin saukar wutar kwayil, na'urar za ta daidaita. Sai dai kafin ka taɓa komai, duba faɗin bugun da ke shiga turanzisto, wato tsawon siginar da ke kunna shi a kowane zagaye, domin kwayil mai sako-sako ma yana kuka, amma shi ba ya sa bugu ya riƙa yin dogo da gajere.