Amsa ga ɗan koyo kan maikiroskof mai kan da ake ɗagawa a sauke

Ɗana, jiya muna goge maikiroskof ɗin da aka kawo mana daga ɗakin gwaje-gwaje, wato na'urar duba ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani, ka tambaye ni amfanin kan da ake ɗagawa a sauke, wato sashen sama mai ɗauke da gilashin ido, tunda hoton da yake nunawa daidai yake da na mai kafaffen kai, ga shi kuma ya fi shi tsada nesa ba kusa ba. Hannuna yana cikin aiki a lokacin, shi ya sa na jinkirta amsar zuwa yau.

Ka fara duban mutumin da zai wuni a gabansa. Ma'aikacin da ke neman ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ba ya cewa babu ita sai ya duba aƙalla wurare 100 a ɗigon jini mai kauri, kuma da damina samfura ba sa yanke masa daga safe har la'asar. Hasken da ke fitowa daga gilashin ido yana taruwa ne a ɗan da'irar da faɗinta bai kai milimita 1 ba idan ana aiki da gilashin da ke ƙara girma sau 100, don haka dole idonsa ya tsaya cak a wuri ɗaya. Kan babban mutum kuwa yana da nauyin kimanin kilo 5, kuma idan na'urar ta tilasta masa sunkuyawa, jijiyoyin wuya da kafaɗa ne ke riƙe da wannan nauyi sa'o'i. Wanda wuyansa ke ciwo yakan gaggauta duba, kuma cikin wannan gaggawa ake tsallake ƙwayar da ke jinin yaro marar lafiya. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a sha'anin.

Na'urorin farko bututu ne miƙaƙƙe da ake leƙawa daga sama. Daga baya aka yi musu gaɓa a ƙafa don a karkatar da su, amma sai farantin samfur ya karkace tare da su, ruwa da man da ake ɗigawa su gangara. Aka warware wannan da firizim, wato dunƙulen gilashi mai kusurwa da ke juya haske, faranti ya zauna a kwance, bututun ido ya karkata digiri 45, daga baya 30 ya zama ruwan dare. Sai dai kafaffiyar kusurwa tsawon mutum ɗaya ta dace da shi. Na taɓa tarar da wata ma'aikaciya ta cusa littafin rajista a ƙarƙashin bayan na'urarta don gilashin ido ya sauko mata, mai yana zamewa daga kan samfur, ita kuwa tana tsammanin gilashin ne ya lalace.

Kan da ake ɗagawa, wanda a wasu ƙira yake tafiya daga digiri 5 zuwa 35, yana da madubi a kan gaɓarsa. Ƙa'idar madubi ita ce idan ka juya shi digiri ɗaya, hasken da yake mayarwa yana juyawa digiri biyu. Saboda haka idan ka ɗaga bututun ido digiri 20, dole madubin ya juya digiri 10 daidai, kuma akwai ƙananan haƙora ko sanduna a ciki da ke raba motsin biyu. In sun yi sako-sako ko da kaɗan ne, hoton zai gusa daga tsakiya, gefe ɗaya ya yi duhu. Wannan daidaito ne mai saye yake biya.

Akwai kuma batun tsayi, kuma a nan nake so ka riƙa karanta rubutun jikin gilashin da ke kusa da samfur. Idan ka ga 160/0.17, an ƙera shi ne don bututu mai tsawon milimita 160, kuma duk ƙarin wuyan da ka saka tsakanin jiki da kai zai ɓata hoton, saiti ya riƙa guduwa idan an canja gilashi. Idan kuwa alamar ∞ ka gani, hasken yana fitowa a miƙe har ya isa wani gilashi a cikin kai wanda ke tara shi, don haka ana iya saka ƙarin wuya a ɗaga kan ga dogon mutum ba tare da hoto ya canja ba. Kada ka haɗa kan wani kamfani da jikin wani, domin wannan gilashi da ke cikin kai, na kamfanin Olympus yana tara haske a milimita 180, na Nikon da Leica a 200, na Zeiss kuwa a 165.

Bututun ido biyu da ke buɗewa kamar fikafikai ƙira ce da ake kira da sunan Siedentopf, wani masani na kamfanin Zeiss a Jamus, kuma falalarta ita ce tazarar idanu tana canjawa ba tare da tsawon hanyar haske ya canja ba. Ƙananan kusoshin da ke riƙe firizim a cikinta kada ka taɓa su, ko da ka hango funfuna ta damina a kai, domin kwance ɗaya kawai yana sa hoto ya rabu biyu, mai aiki ya wuni da ciwon kai. Irin wannan ka kawo mini mu yi tare.

Gobe kai za ka mayar da na'urar. Ka roƙi wanda zai yi aiki da ita ya zauna tukuna, ƙafafunsa a ƙasa, bayansa a jingine, damatsansa a kan tebur, sa'an nan ka kawo gilashin ido zuwa idonsa, ka daidaita tazara har da'ira biyu su zama ɗaya, ka saita kowane ido daban. In su biyu ne ke karɓa-karɓa a kanta, ka nuna wa kowannensu yadda zai mayar da ita daidai da tsawonsa kafin ka baro wurin.