Filin Tambaya da Amsa: Ta Yaya Zan San Cewa Na Sami Ceto?

Tambayoyi uku muka zaɓo a wannan fitowa, dukansu daga cikin birnin Kano, kuma mun sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya ta farko daga wata uwa ce a Sabon Gari: "Baba Fasto, an yi mini baftisma tun ina budurwa, kuma ina cikin zumuntar mata, amma har yau ina fama da zafin rai da riƙo. Idan na yi faɗa da maƙwabciyata, sai zuciyata ta ce mini ni ba 'yar Allah ba ce. Yanzu ko an kawo Jibin Ubangiji, sai in sunkuyar da kai in bar faranti ya wuce. Shin mutum yana iya sanin cewa ya sami ceto tun yana duniya?"

'Yata, Allah ya ba ki salama. Amsar ita ce e, yana iya sani, kuma ba girman kai ba ne ya faɗi haka. Manzo Yahaya ya bayyana dalilin rubuta wasiƙarsa ta fari a sura 5 aya 13, inda ya ce ya rubuta wa waɗanda suka gaskata da sunan Ɗan Allah ne domin su san suna da rai madawwami. Da a ce saninsa ba ya yiwuwa, da manzon bai ɗora wa masu bi wannan bege ba.

Na lura a wasiƙarki cewa kullum kina auna cetonki da ma'aunin halinki na wannan mako. Ranar da kika yi haƙuri sai ki ga kin tsira, ranar da kika yi faɗa kuma sai ki ga kin hallaka. Wanda ya riƙe wannan ma'auni ba zai taɓa samun barci mai daɗi ba, domin hali yana hawa yana sauka. Afisawa 2:8-9 ta ajiye tushen a wani wuri dabam: ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, wannan kuwa kyautar Allah ce, ba ladan ayyuka ba, domin kada kowa ya yi fahariya. Abin da ya biya bashin zunubinki shi ne mutuwar Almasihu a kan gicciye da tashinsa daga matattu, wannan aiki kuwa an riga an gama shi kafin a haife ki, kuma faɗan da kika yi ranar Talata bai rage komai daga cikinsa ba. Ki tuna da mai laifin nan da aka gicciye kusa da Yesu, a Luka sura 23. Ba a yi masa baftisma ba, bai ba da ushiri ba, bai kuma sami ko da yini guda na gyara halinsa ba, amma da ya roƙi Ubangiji ya tuna da shi, sai aka yi masa alkawarin Firdausi a ranar.

Ba ke kaɗai kika taɓa shiga wannan ƙunci ba. Martin Luther, malamin nan na ƙasar Jamus wanda ya tayar da gyaran ikkilisiya a 1517, ya yi shekaru yana azabtar da kansa da azumi da furta zunubai ba tare da ya sami kwanciyar rai ba, har sai da ya gane daga Romawa 1:17 cewa adalcin da Allah yake nema shi ne wanda yake bayarwa ga mai bangaskiya.

Sai kuma maganar zuciyar da take zarginki. A ganina baƙin cikin da kike ji bayan kin yi faɗa alama ce ta rai, domin wanda ya mutu cikin zunubi ba ya damuwa da ya ɓata wa Allah rai. Sai dai ki iya rarrabewa tsakanin murya biyu. Ruhu Mai Tsarki yana nuna miki laifi takamaimai, ya ce ki je ki nemi gafarar maƙwabciyarki, ya kuma ja ki zuwa wurin Almasihu. Muryar mai zargi kuwa ba ta ambaton magani, iyakarta ta ce ba ki da rabo, ki nisanci teburin Ubangiji. A 1 Yahaya 3:20 an ce ko da zuciyarmu ta kayar da mu, Allah ya fi zuciyarmu girma, kuma ya san komai. Saboda haka shawarata ita ce ki sami maƙwabciyarki kafin Lahadi, ki ba ta haƙuri ba tare da kin jero nata laifuffukan ba, ki furta zunubinki ga Allah bisa ga alkawarin 1 Yahaya 1:9, sannan idan faranti ya iso gabanki ki miƙa hannu. Manzo Bulus ya ce mutum ya gwada kansa sannan ya ci, bai ce ya gwada kansa ya gudu ba. An shirya wannan jibi ne domin masu zunubi da suka tuba.

Tambaya ta biyu daga wani saurayi ce mai sayar da yadi a Kantin Kwari: "Ranka ya daɗe, idan ceto kyauta ne, mene ne amfanin wahalar da kai da addu'a da kamun kai? Wani abokina ya ce tunda alheri ya rufe komai, ba laifi idan ya rage wa mai saye awo."

Ɗana, abokinka ya yi kuskure babba, kuma ina roƙonka ka faɗa masa cikin ƙauna amma ba da rufa-rufa ba. Bulus ya riga ya yi wannan tambaya a Romawa 6:1-2, ko za mu ci gaba da zunubi domin alheri ya yawaita, ya kuma amsa da cewa sam, ko kusa. Wanda ya karanta Afisawa 2:8-9 ya tsaya, ya bar zancen a rabi, domin aya ta 10 ta ce an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka. A Titus 2:11-12 kuma, alherin da ya kawo ceto shi ne yake horar da mu mu rabu da rashin tsoron Allah da sha'awace-sha'awacen duniya. Mutumin da yake tauye awo da gangan, hankalinsa kwance, yana fakewa da alheri, ba tabbaci yake bukata a yanzu ba, tuba yake bukata, gama Yakubu ya ce bangaskiyar da ba ta da ayyuka matacciya ce.

Amma kada wannan ya tura ka ɗaya gefen, ka zaci alheri ne yake shigar da mutum, sannan ƙoƙarinsa ya ƙarasa sauran. Wannan gardama tsohuwa ce. Wani malami na zamanin dā mai suna Pelagius ya koyar da cewa mutum yana da ikon yin biyayya da ƙarfin kansa, Augustine, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, ya ƙi wannan koyarwa, majalisar ikkilisiya da ta zauna a Carthage a shekara ta 418 kuma ta yi watsi da ita. Filibiyawa 2:12-13 ta haɗa abu biyun a wuri ɗaya: ku yi ta aikin cetonku da tsoro da rawar jiki, gama Allah ne yake aiki a cikinku, ku yi nufi, ku kuma aikata. Tunda kai ɗan kasuwar yadi ne, ka leƙa marinar Ƙofar Mata ka ga yadda marini yake tsoma farin ƙyalle cikin baba, ya fito da shi kore-kore, ya bar iska ta buge shi har ya koma shuɗi, ya sake tsomawa, ya sake fitarwa, har launin ya kama sosai. Ƙyallen ba shi yake ƙirƙiro launin ba, amma idan ba a mayar da shi cikin ramin a kai a kai ba, ba zai yi duhu ba. Karatun Littafi Mai Tsarki, wanda muke da shi cikakke da Hausa tun 1932, da addu'a, da sujada tare da 'yan'uwa, da Jibin Ubangiji, su ne wuraren da Allah ya saba rina mu. Girman kuwa a hankali yake zuwa. Bitrus, wanda ya umarce mu mu yi girma cikin alheri a 2 Bitrus 3:18, shi ne ya yi musun sanin Ubangijinsa sau uku, kuma shekaru bayan Fentikos, ranar da Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa almajirai, sai da Bulus ya tsawata masa a Antakiya saboda ya janye daga cin abinci da masu bi waɗanda ba Yahudawa ba.

Tambaya ta uku gajeriya ce, daga wata ɗaliba a Unguwa Uku: "Baba, mai bi yana iya rasa cetonsa?"

'Yata, a nan ikkilisiyoyi sun rabu, kuma ya kamata ki san haka. Masu bin koyarwar John Calvin, ɗaya daga cikin jagororin gyaran ikkilisiya, suna cewa wanda aka maya haihuwarsa da gaske, wato ya sami sabuwar haihuwa ta Ruhu, Allah zai riƙe shi har ƙarshe, suna kafa hujja da Yahaya 10:28-29 da Filibiyawa 1:6. Mabiyan John Wesley, mai wa'azin nan na ƙasar Ingila, suna koyar da tabbacin ceto, amma suna cewa mutum yana iya juya baya da gangan, suna nuni ga Ibraniyawa 6:4-6. Cocin Katolika kuwa, a majalisar shugabanninta da ta zauna a garin Trent a 1547, ta koyar da cewa mai bi ya dogara ga jinƙan Allah ba tare da iƙirarin cikakken tabbaci game da kansa ba. Ni dai na tsaya a kan maganar Yesu cewa ba mai ƙwace tumakinsa daga hannunsa, ina kuma karɓar gargaɗin Ibraniyawa a matsayin ɗaya daga cikin hanyoyin da makiyayin yake tsare su. Ki karanta Yahaya sura 10 da Ibraniyawa sura 6 gaba ɗayansu, ba aya ɗaya-ɗaya ba, sannan ki zauna da fastonki ko malamar ajin baftismarku ku bi su tare.